Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lambun Baba a Cikin Hunturu

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallamo Baba daga asibiti bayan aikin da aka yi masa a ƙugu. Likita ya ce kada ya taka waje sai ƙashi ya kama sosai, balle ma da Nuwamba ta shigo, ƙasa ta fara santsi.

Da muka iso gida bai nemi gado ba. Cewa ya yi a ja masa kujera zuwa bakin tagar da ke kallon lambu. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Auta, daliya ta yi baƙi. Gobe sai ki tone ta."

Lambun nan shi da Mama suka kafa shi tun ban iya tafiya ba, furanni ne zalla da 'yan itatuwan ado. Tun rasuwarta shi kaɗai ke hidimarsa, mu namu kallo da yabo. To bana hannun ya zama nawa, ido da baki nasa. Ina waje da safar hannu, yana ciki da bargo a gwiwa, in yana son magana ya ƙwanƙwasa gilashi da kan sandarsa.

Daliya fure ce 'yar ƙasar Meziko, jininta bai haɗu da ƙanƙara ba. Dare ɗaya raɓa ta daskare a kanta, ganyen da jiya yake kore shar ya wayi gari baƙi, ya yi laƙwas. Idan aka bar saiwarta a ƙasar da ke daskarewa har ciki, ruɓewa take yi. Na datse karan na bar kamar santimita 15, na soka abin tono nesa da gindi don kada in huda saiwar, na ɗago ta gungu guda na kakkaɓe ƙasar. Sai na ji ƙwas ƙwas a taga. "Kife ta, 'yata, kai ƙasa. Karan nan rami gare shi a ciki, ruwa ke kwanciya." Haka suka yi mako biyu a kife suna shan iska, sannan na jera su a kwali cikin busasshen garin katako, kowacce da takardar sunanta da launinta, na kai gareji, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 5 a ma'aunin Salshiyas. Duk wata nakan buɗe in duba. Wadda ta fara yamushewa in ɗan yayyafa mata ruwa, wadda ta yi tabon ruɓa in yanke wurin da wuƙa mai tsabta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ramin da na fitar da daliya don gudun sanyi, a nan ya sa na binne albasar furen tulif don ta sha sanyin. Ita kam idan ba ta samu mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 9 ba, furenta ba ya fitowa yadda ya kamata. Zurfin ramin ninki uku na tsayin albasar, tsinin yana kallon sama. Baba ba ya ba da umarni ba tare da labari ba. Da daddare ya ce min asalin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, shi ya sa ta saba da hunturu mai tsanani. Sarakunan Daular Usmaniyya suka ɗaukaka ta a lambunansu, daga can ta shiga Turai. Wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya kai ta lambun jami'ar Leiden a ƙasar Holan a 1593, kuma ba a daɗe ba mutanen ƙasar suka haukace a kanta, har kasuwarta ta rushe a Fabrairun 1637. Ina sauraro ina kallon fuskarsa. Tun da aka kwantar da shi ban ga ya yi magana mai tsawo haka ba.

Aikin da ya fi yi min wuya kuwa shi ne bari. Duk wanda ya tsaya a lambu a watan Disamba, ya ga busassun kara da kawunan furanni sun yi launin ƙasa, hannunsa ƙaiƙayin almakashi yake yi. Baba ya hana. Busassun kawunan furen haidiranjiya, in ji shi, su ne hular tohon da ke ƙarƙashinsu, sai sanyi ya wuce ake cire su. Itatuwan ado irin su lailak da fosaitiya kuma tun lokacin zafin da ya wuce suka ɗaura tohon furen da za su buɗe a bazara, wanda ya aske su yanzu furen shekara guda ya zubar da hannunsa. Su sai sun gama fure ake taɓa su. Karan da ke ɗauke da iri a bar wa tsuntsaye, kuma a cikin ramukan karan nan ƙananan ƙwari masu amfani ke fakewa, waɗanda za su cinye masu ɓarna idan gari ya yi ɗumi. Ni a ganina wannan shi ne abin da yawancin masu lambu ba su gane ba. Suna share wuri tas don ido ya ji daɗi, sai bazara ta zo su rasa dalilin da fure ya yi ƙaranci, ƙwarin ɓarna kuma suka yi yawa.

Ganyen da ya zuba a kan ciyawa dai na tattara da manjagara, don idan ya kwanta jiƙe yana kashe ta. Amma ban zubar ba. Wani na tara a kusurwa ya ruɓe ya zama taki, wani na shimfiɗa a gindin tsirrai, kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa kara ba. Amfanin shimfiɗar nan ba ɗumi kaɗai ba ne. Ƙasa idan tana daskarewa da dare tana narkewa da rana, kumbura take yi tana saɓewa, har ta turo ƙananan tsirrai sama saiwarsu ta fito fili. Shimfiɗar ce ke rage wannan kai da kawowa.

Tukwanen ƙasa na jawo su jikin bangon da ke kallon kudu, wanda ya fi samun rana, na ɗora kowacce a kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na naɗe su da buhun algarara. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa tukunya ke nan, shi ne kuma ke fasa bututu. Don haka na kwance tiyo na zazzage shi, na rufe famfon waje daga ciki.

Akwai daren da ba zan manta ba, gab da 21 ga Disamba, ranar da yini ya fi gajarta. Bayan isha'i Baba ya ce in leƙa in gaya masa ko akwai gajimare. Na ce babu, taurari ne fal, iska ma ba ta motsi. Ya ce, "To yau ne. Ɗauko tsofaffin zannuwan nan." Ya bayyana min cewa gajimare ke tare ɗumin da ƙasa ta tara da rana, idan sama ta yi wasai ɗumin tashi yake yi ya tafi, iska mai sanyi kuma ta gangara ta taru a kwari. Ƙarshen lambunmu gangare ne, a can kuma 'yan dashen da ya saka bara suke. Na fita da fitilar hannu na lulluɓe su ɗaya bayan ɗaya, na danne gefen zanen da duwatsu, numfashina na fita kamar hayaƙi, yatsuna sun ƙage. Da na juyo sai na hango shi ya dafa sanda ya miƙe tsaye a taga, abin da bai yi ba tun dawowarsa. Na shiga ina faɗa, "Baba, don Allah zauna mana!" Ya ce, "Na ga kin tsallake na kusa da shinge." Gaskiyarsa ne kuwa, duhu ya ɓoye shi, na koma na rufe.

Da dusar ƙanƙara ta sauka sai ya kwantar da hankalinsa, ya ce ita rufi ce, abin da ke ƙarƙashinta ya fi wanda iska ke duka samun lafiya. Abin da ya sa ni kawai shi ne kaɗe ta daga rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye, kafin nauyinta ya karya su. Irin waɗannan itatuwa ma ƙishi ke cutar da su a hunturu, don ganyensu na fitar da ruwa alhali saiwa ba ta iya sha daga daskararriyar ƙasa. Duk ranar da ƙasa ta saki nakan ba su ruwa. Ya hana ni zuba gishiri a hanyar da ta bi ta gefen furanni, yashi muka zuba. Ya kuma hana kowa taka ciyawa idan ta daskare, don karyewa take yi, sawun ya zauna baƙi har makonni.

A Janairu ya sa na ɗauko masa littafinsa na lambu, wanda rabin shafukansa rubutun Mama ne. A ciki suke rubuta ranar da raɓa ta daskare ta ƙarshe a kowace shekara, kuma daga wannan rana ake lissafin komai. Irin furannin zinniya da kosmos da marigol ana shuka su cikin gida 'yan makonni kafin ta, a bakin taga mai haske. Wanda ya yi gaggawa dashensa zai yi tsawo siriri ya faɗi. Kafin a kai su ƙasa kuma sai an saba musu da waje kaɗan kaɗan na kwana 7 zuwa 10. Tsohon irin da ke cikin gwangwani muka gwada shi: ƙwaya goma a kan jiƙaƙƙiyar takarda, a nannaɗe a ajiye wuri mai ɗumi. Wanda takwas suka tsira a riƙe, wanda biyu ko uku kawai a nemi sabo. Wardin Mama kuwa sai ƙarshen hunturu, idan idanun toho sun fara kumbura, za a datse shi a karkace, ɗan sama da idon da ke kallon waje, don tsakiyar ta sha iska. Ya ce wannan da hannunsa zai yi, ko da a kujera za a kai shi.

Daga nan tunanin ya zo min, na zana masa akwatunan katako biyu masu tsayin ƙugu, kusa da ƙofa, yadda zai yi shuka a zaune ba sai ya sunkuya ba. Ya karɓi biro ya matsar da ɗaya zuwa inda rana ta fi daɗewa, ya rubuta abin da zai shiga kowanne.

Muna cikin wannan zane ne Yaya Babba ya iso da wata takarda a hannu. Ya gaida Baba, ya zauna, ya ce ya yi magana da magina, don a ganinsa tunda Baba ba zai ƙara iya wahalar lambu ba, gara a shafe rabinsa da siminti kafin bazara. Baba bai ce komai ba, ya rufe littafin ya miƙo min. Yadda muka kwashe da Yaya a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.