Asabar, tsakiyar Mayu: an yi ƙyanƙyasa a lambunmu

Yau ma'auratan tsuntsun da ake kira blue tit da suka kama akwatin sheƙar da muka kafa a jikin katanga ba su huta ba. Tun gari bai gama wayewa ba a nan Oxford suke kaiwa da komowa, kowanne da koriyar tsutsa a baki. Ban leƙa ciki ba, ba a son a dame su, amma wannan zirga-zirgar ta isa shaida cewa ƙwan sun fashe.

Da hantsi na zauna bakin taga da kofin shayi. Ɗan mitsitsin tsuntsu ne, nauyinsa wajen giram 11, kansa shuɗi, kumatu fari fat, ƙirji ruwan ɗorawa, ga baƙin layi ya ratsa ido kamar an ja masa kwalli. Yakan sauka a reshe, ya duba hagu da dama, sai ya faɗa ramin akwatin da faɗinsa milimita 25 ne kacal. In zai fito, sau da yawa da farin ƙullin kashin 'ya'yan a bakinsa, ya kai can nesa ya yar. Wannan tsafta ta burge ni ƙwarai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin lokacinsu. Macen kan yi ƙwai takwas zuwa goma sha biyu, ta kwanta a kansu kusan mako biyu, kuma dole ƙyanƙyasar ta zo daidai da lokacin da tsutsotsi suka cika sabon ganyen itacen oak. Ɗa guda kan iya cin tsutsa ɗari a yini. In ɗumi ya zo da wuri tsutsar ta riga su, yunwa ce. A dajin Wytham da ke kusa da mu, masana na jami'a suna bibiyar tsuntsayen wannan dangi tun 1947, kuma sun ga yadda suke ta matso da lokacin yin ƙwai saboda sauyin yanayi. Ikon Allah.

Da la'asar maƙwabciyarmu, dattijuwa, ta leƙo ta shinge. Ta ce da tana yarinya su ne ke huda murfin kwalbar madarar da ake ajiyewa a ƙofar gida su shanye man da ke sama. A kusa da Southampton aka fara lura da wannan wayo a 1921, daga baya ya bazu a Ingila.

Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, mu zuba musu gyaɗa mana." Na ce a'a Mamana, sai da sanyi, yanzu gyaɗa guda za ta iya shaƙe 'ya'yan. Ruwa muka canja musu a kasko.

Nan da kusan mako uku za su fara fita, kuma a ranar ne kyanwa ke yin ɓarna. Na roƙi dattijuwar ta riƙa tsare tata a ɗaki da safe idan lokacin ya yi, ta kuwa amince.