Asabar a ajin ƙagaggun labarai

Zaman bita na yau da abu guda ya fara: yadda ake buɗe gajeren labari. Yawancin mahalarta 'yan mata ne masu rubutu a waya, wasunsu na shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ba ta karɓar labarin da ya haura kalma 1,500. Mai wannan ɗan fili ba shi da sararin ɓata kalma 300 kafin labari ya motsa.

Da safe aka ba kowa minti 15 ya rubuta sakin layin farko. Da aka karanto, kusan duka ta ƙofa ɗaya suka shigo: tauraruwa ta farka da asuba, ta yi salla, ta tsaya gaban madubi, fara ce doguwa mai dara-daran idanu. An cinye rabin shafi, mai karatu bai san abin da ke damunta ba. Maganinsa tambaya uku ce da ake amsawa a gefen takarda kafin a fara: labarin wa ake bayarwa, me yake nema a wannan ranar, wa ya tare masa hanya.

Mun fi daɗewa a kan jimla ɗaya da wata ta rubuta: "Hadiza tana cikin tsananin baƙin ciki saboda kishiyarta ta tsane ta." Na ɗora ta a allo, na hana amfani da "baƙin ciki" da "tsana". Bayan ja-in-ja, ga abin da ajin ya fitar: "Hadiza ta ɗanɗana miyar, ta ji an sheƙa mata gishiri. Ta mayar da murfin a hankali, ta ce wa 'yarta, 'Je ki sayo mana garin kwaki.'" Ba a ambaci kishiya ba, amma kowa ya gan ta.

Wata ta ɗaga hannu: "Malam, to idan ban faɗa ba, yaya za a gane muguwa ce?"

Na ce, "Malama, bar ta ta aikata. Hukunci na mai karatu ne."

Bayan Azahar muka koma kan zance tsakanin taurari. Ciwon nan shi ne gaisuwa: ina kwana, ya gajiya, ya yara, sai a cika shafi. A zahiri haka muke yi, amma a takarda gaisuwa ba ta zama sai in tana ɗauke da wani abu, kamar wadda aka amsa a daƙile. Haka ma kiran suna. Uwar da ke alkunyar ɗan fari, ranar da ta kira shi da sunansa gatsal, Bahaushe ya san magana ta ɓaci, ba sai an ƙara bayani ba. Na raba mahalarta bibbiyu, kowa ya karanta zancen abokinsa da ƙarfi. Duk inda harshe ya sarƙe, a ja layi.

Ƙa'idojin rubutu minti 20 kawai suka samu, kuma ba su isa ba. Waya ta saba musu da zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, da haɗe "ya ce" wuri guda.

Aikin gida: fage ɗaya, kalma 400, mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana ɓoye wa ɗaya wani abu. Ban da madubi, ban da farkawa daga barci.