Kafin in kira, sai na san wayar a hannun wa take

Da littafi da biro na fara aikin jin daɗin jama'a. Duk yaron da aka kawo mana rahotonsa, maraya ne ko wanda ake duka ko wadda aka cire daga makaranta, fayil ɗinsa na takarda ne, a kabad mai makulli. Da korona ta sa aka yi kulle a 2020, ziyarar gida ta tsaya cak, alhali halin da yaran ke ciki bai tsaya ba. Na wasu ma ƙaruwa ya yi, tunda yaro zai wuni ɗaki ɗaya da wanda yake tsoro. Dole muka koma waya da kwamfuta, kuma har yau da su muke aiki.

Sun yi mana rana, wannan ba na musu. Muna adana bayanai a manhajar Primero, wadda UNICEF da wasu ƙungiyoyi suka samar don bibiyar lamarin yara masu rauni. Kowane ma'aikaci abin da ya shafe shi kaɗai yake gani. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, idan aka miƙa lamarin yarinya ga wata ma'aikaciya, ba sai an sake zaunar da ita ta maimaita abin da aka yi mata ba. Wanda ya taɓa ganin yaro na ba da labarin cin zarafinsa a karo na biyu da na uku ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Saƙon murya kuma ya buɗe mana ƙofar iyayen da ba su iya karatu ba, sannan akwai matasan da ba za su iya kallon idonki su yi magana ba, amma a rubuce sai su amayar da abin da ke ransu.

Sai dai waya tana da mai ita. A gidaje da yawa guda ɗaya ce, kuma sau da yawa tana hannun mutumin da ake ƙorafi a kansa. Gaskiya ne WhatsApp na kulle saƙo a kan hanya tun 2016, ta yadda ba mai karanta shi a tsakani, amma wannan kullewar ba ta hana wanda ya ɗauki wayar buɗe ta ya karanta komai. Shi ya sa tun haɗuwar farko nake tambaya: "Mama, wayar nan taki ce ke kaɗai? Wa yake taɓa ta? Wane lokaci ne kike zama ke ɗaya?" Mukan yi alkawarin wata kalma ta yau da kullum wadda idan ta faɗe ta, na gane akwai mai sauraro, sai in karkatar da hirar. Idan yaro nake magana da shi kuma na ji muryarsa ta canja, sai in koma tambayoyin da amsarsu e ko a'a ce. A rubuce kuwa ba na aika abin da zai jefa mutum cikin haɗari idan wani ido ya gani.

Hoto ya fi komai ba ni tsoro. Hoton raunin jikin yaro ba ya shiga wayata ta gida, domin waya kan tura hotuna rumbun intanet da kanta, kuma 'ya'yana na ɗaukarta. A zauren hirarmu na ma'aikata lambar fayil muke kira, ba suna ba. Wannan haƙƙin yaro ne, ba tsaurin ra'ayina ba: sashe na 16 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya kare sirrinsa, sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayinsa, kuma a 2021 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da bayani na 25, wanda ya tabbatar cewa haƙƙoƙin nan suna aiki har a duniyar intanet. Don haka nakan gaya wa yaro, da kalmomin da zai gane, abin da zan rubuta da waɗanda za su gani, da kuma inda ba zan iya riƙe masa sirri ba idan rayuwarsa na cikin haɗari.

Kiran bidiyo ma iyakarsa abin da aka juya kyamara ya nuna. Ba ya nuna ɗingishi, ko yadda yaro ke takurewa idan wani ya shigo, ko ramar da riga ta ɓoye. Gani ya kori ji. A rahotona kira daban, ziyara daban, kuma ba na rufe fayil a kan kira kawai.

Akwai kuma iyalan da ba su da waya sam, ko ba kuɗin data, ko ba wutar caji. Su ba sa turo saƙo, don haka manhaja ba ta nuna damuwarsu, shirunsu sai ya yi kama da lafiya. Duk farkon mako sunayensu nake fara cirewa, su ne a sahun gaba a jerin gidajen da zan taka da ƙafata.