Jariri a kujerar mota: lissafin awa biyu ba ya tsayawa don an kashe inji

Duk wanda ya sayi kujerar jarirai ta mota ya ji zancen awa biyu, kuma zancen gaskiya ne. Da yawa daga kamfanonin da ke ƙera kujerun da ƙungiyoyin kula da lafiyar yara sun ce kada jariri ya wuce awa biyu a ciki ba a fito da shi ba, wasu ma sun ce awa biyun na yini guda ne dungurungum. Sai dai wannan adadi bai dace da ɗanyen goyo ba. A wani bincike da aka wallafa a 2016, likitoci a Ingila sun gwada jarirai 40, bakwaini 21 da cikakku 19, a kan na'urar da ke kwaikwayon girgizar mota mai gudun kusan kilomita 48 a awa. Da aka zaunar da su a miƙe kamar yadda kujera ke zama a mota, cikin minti 30 bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, iskar oksijin da ke cikin jini ta ragu, wasu kuma kansu ya rinjayo gaba. Daga nan ne shawarar rabin awa ta yaɗu: jaririn da bai cika sati huɗu ba, a yi ƙoƙari kada ya wuce minti 30 a zama ɗaya. Binciken ƙarami ne, amma ni da shi nake aiki.

Dalilin a wuya yake. Kan jariri ya yi wa jikinsa girma, ga ƙeya ta turo, wuyan kuma bai yi ƙwarin da zai riƙe shi ba. In yana zaune a jingine barci ya ɗauke shi, sai kan ya sunkuyo, haɓa ta sauka a ƙirji, hanyar numfashi ta lanƙwashe kamar tiyon ban ruwa da aka karya a tsakiya. Babba zai gyara zama ko cikin barci. Jariri ba zai iya ɗago kansa ba, kuma sau da yawa ba zai yi kuka ba. Shiru kawai zai yi, mu kuwa shirun jariri muka fi so.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya ba a kan titi na gan shi ba. Na ɗauko mai jego da jaririnta daga Zariya zuwa Kano bayan an gama wankan gida, muka tsaya a hanya yadda ya kamata, muka iso lafiya. Aka ciro kujerar da yaron a ciki yana barci, aka dire ta a kan tayil a falo, wata daga cikin iyaye ta kwance maɗaurin ƙirji don ya sake, ta ce a bar shi kada a tashe shi. Ana ta gaishe-gaishe, ana barka da arziki. Da na leƙa, yaron ya zame ƙasa, ɗuwawunsa sun yo gaba, haɓa ta manne da riga, numfashin yana fita da wani ɗan gurnani siriri. Ina ɗaga shi ya buɗe baki ya ja iska. Bai samu komai ba, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar na daina ƙirga tsawon hanya. Ina ƙirgawa daga lokacin da aka ɗaure bel zuwa lokacin da aka ciro yaron, ko motar tana tafiya ko tana fake, ko kujerar tana falo.

A cikin mota kujerar tana kan gindinta ko bel ya riƙe ta a kusurwar da aka tsara. A ƙasa kuwa gindin yawancinsu mai lilo ne, tana iya miƙewa fiye da ƙima, a kan katifa ko kushin ma tana iya kifewa. In aka sassauta maɗauri, yaro ya zame, igiyar na iya hawa wuyansa. A Amurka an bi diddigin mace-macen jarirai 11,779 masu alaƙa da barci tsakanin 2004 da 2014. Guda 348 sun faru a abubuwan zaunar da yara, kuma kusan kashi 63 cikin 100 na waɗannan a kujerar mota ne. Ba su kai ɗaya cikin goma ba waɗanda ake amfani da kujerar yadda aka ce a lokacin, sannan fiye da rabi a gida suka faru. A gida, ba a hanya ba.

Shi ya sa yawon arba'in ya fi ba ni tsoro a kan doguwar tafiya. Ana fita da hantsi, minti ashirin zuwa gidan kaka, a shiga da kujerar a ajiye, a koma mota, a faɗa gidan gwaggo, cunkoson Kofar Nasarawa ya ci rabin awa, a ƙarasa gidan kawu. Babu tafiya ɗaya mai tsawo a ciki, amma in ka haɗa sai ka ga yaro ya yini a lanƙwashe. Ƙa'idata yanzu ita ce kujera ba ta shiga gidan kowa da yaro a ciki. Ana isa a ciro shi, ko ya farka ko ya yi kuka, a goya shi ko a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri. Za a ce ka cika iyayi. A ce ɗin.

Ga saitin da nake dubawa kafin a tayar da mota. Kujera a baya, tana kallon baya, kuma har abada ba a gaban jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo ba. Jinginar sabon haihuwa kusan digiri 45 ce, kuma yawancin kujeru suna da layi ko ɗan ƙwallo a gefe da ke nuna an daidaita. A duba shi motar tana fake a wuri mai baje, don a kan gangara ƙarya zai yi maka. Ka kama kujerar daidai inda bel ya ratsa ka jijjiga: in ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta ɗauru ba. Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗar ko ƙasa da ita kaɗan. Ka gwada tsunkule igiyar a saman kafaɗa da yatsu biyu, in ka iya ninke ta to da saura. Maƙallin ƙirji, in kujerar tana da shi, daidai hammata. Kada a cusa filo ko zani a bayan kai ko ƙarƙashin yaro, don shi ke turo kan gaba. Matashin da ya zo da kujerar kaɗai ake sawa. Wannan ya fi shafar kujerun gwanjo, waɗanda galibi matashin ya ɓata, littafin bayani ma babu. Irin waɗannan a juya su a nemi ranar ƙira, don wa'adinsu shekara shida zuwa goma ne, kuma wadda ta taɓa shiga haɗari ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba.

Lokacin hunturu a cire rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, a rufa shawul a saman igiyoyin. Lokacin zafi kuwa kada a lulluɓe kujerar da mayafi don kare rana, yana tare iska ya tara zafi, ya kuma hana a ga fuskar. A taɓa ƙarfen maɗaurin kafin a sa yaro, a watan Afrilu yana ƙona fata. Barin jariri a mota a fake kuwa, ko na minti biyar ne, babu shi a lissafi.

A doguwar hanya babba ɗaya ya zauna a baya inda zai ga fuskar yaron. Madubi ba ya wadatarwa. A zaɓi wuraren tsayawa tun daga gida, gidan mai ko cikin gari, tunda ba ko'ina ake son tsayawa a hanyoyinmu ba. Tsakanin Zariya da Kano akwai Tashar Yari da Kwanar Dangora. In an tsaya a ciro shi gaba ɗaya, a kwantar da shi a baje ya miƙe ƙafa kamar minti 15 ko fiye, a shayar, a canza kunzugu. Ba a ba da nono ko fida mota tana gudu. Tafiyar da za ta iya jira har yaro ya wuce wata ɗaya, a bar ta ta jira. Bakwaini da mai ƙarancin nauyi a tambayi likita tukuna. A Amurka wanda aka haifa kafin sati 37 ana zaunar da shi a kujerar minti 90 zuwa 120 da na'ura a jikinsa kafin a sallame shi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to gara uwa ta riƙe shi a cinya. In aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, babu hannun da zai riƙe yaro, kuma hukumar kula da haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar tana rage mutuwar jarirai a haɗarin ƙananan motoci da kashi 71 cikin 100. Muddin taya na juyawa, yana cikin kujera a ɗaure.

In mai zama a baya ya ga haɓa ta sauka, leɓe ya canza launi ya yi duhu ko toka-toka, numfashi yana gurnani ko yana yankewa, ko jiki ya saki, a faka nan take a ciro shi, a daidaita kansa kada ya sunkuya kada ya ɗage da yawa. In launinsa da numfashinsa ba su dawo daidai a take ba, ko ya ƙi farkawa sosai ya kama nono, sai asibiti mafi kusa.