Na dawo lafiya, ga godiyata

Salam jama'a. Alhamdulillah daren jiya na sauka Ikeja bayan kwana 6 a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda muka yi taron masana kimiyyar binciken laifuka, to kafin gajiya ta kwantar da ni bari in sauke nauyin godiya.

Na farko Hajiyarmu, wadda har gobe in an tambaye ta aikina sai ta ce "wai jinin mutane take dubawa, Allah dai ya kyauta", amma ita ta fara ciro kuɗin adashinta da maganar tikiti ta taso. Sai maigida da ya riƙe yara uku ga shago ga go-slow ɗin Agege safe da yamma, Allah ya bar zumunci Abban yara. Kawu na wajen canji da ya nemo min dala cikin dare, da matan Islamiyyarmu da suka dage da addu'a lokacin da biza ta maƙale har saura kwana 4 tafiya, wallahi ni na riga na cire rai.

Akwatina bai bi ni ba, can Johanasbag ya tsaya, kuma takardar bincikena da zan kafe a bango tana ciki. Wata baiwar Allah 'yar Kenya da ko sunana ba ta gama riƙewa ba ta ja ni shagon buga takardu muka sake bugawa, ta ara min rigar sanyi don 'yan Afirka ta Kudu yanzu ne hunturunsu. Allah ya saka mata.

Abin da na gabatar ba wani babban abu ba ne, yadda mu da kanmu muke lalata shaida ne. Abu ya faru, kafin 'yan sanda su iso unguwa ta cika wurin, wannan ya ɗaga wuƙa wancan ya watsa ruwa ya wanke jini, wai taimako. Ko rigar da jini ya taɓa in ka ƙulle ta a leda tana jiƙe sai ta yi fumfuna DNA ɗin, wato ƙwayar halittar da ake gane mai jinin da ita, ya lalace, shanya ta ake a inuwa a sa a ambulan na takarda. Da na kawo zancen jirgin da ya faɗi a Iju-Ishaga a 2012, nan kusa da mu, mutum 153 a ciki, sai da aka kai samfurin DNA Ingila kafin wasu iyalai su karɓi gawarsu, ɗakin ya yi tsit. A 2017 Legas ta buɗe nata ɗakin gwajin DNA, aka ƙona shi a rikicin 2020, wannan har yau yana min ciwo.

Yawo kam kaɗan na yi. Dutsen Tebur, babban dutsen nan na Kef Tawun, iska ta hana mu hawa. Amma na yi azahar a masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, na 1794, shi ne na farko a ƙasar, limaminsa na farko Tuan Guru da ka ya rubuta Alƙur'ani yana tsare a tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 daga baya. Gidajen unguwar kowanne da kalarsa, kore, ja, ruwan ɗorawa, kamar an baza atamfa.

Masu jiran tsaraba ku yi haƙuri, akwatin dai sun ce sai jibi.