Taragon auduga ya wuce hancin mararraba sau hamsin bai sauka ba

'Yan'uwa, jiya da la'asar, daidai lokacin da ɗakin ya fi ɗaukar zafi, na tura taragon audugar nan ta cikin mararrabar ƙaramin layin dogon da muke ƙerawa a kan teburi, wato inda layi ke rabuwa biyu, sau hamsin, gaba da baya, ina ƙirgawa da baki, bai sauka daga layi ko sau ɗaya ba. Daga nan na jona batir, na sa kan jirgin ya ja taragu huɗu a hankali, shi ma ya wuce lafiya lau. Alhamdu lillahi. Mako bakwai ke nan wannan mararraba tana hana ni sukuni, kuma waɗanda suke zuwa wurinmu ranar Asabar a Ƙofar Ƙaura sun san irin ɓacin ran da na sha a kanta.

Ga waɗanda ba su ga aikin ba tukuna, ƙaramin samfurin tashar Funtuwa muke ƙerawa, kamar yadda take a zamanin da jirgi ke ɗaukar auduga da gyaɗa a layin Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Sikelinmu 1:64 ne a kan layi mai faɗin milimita 16.5. Tsohon layin dogon Najeriya faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1067, in ka raba da 64 za ka sami 16.67. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, ido ba ya kama shi, ga shi kuma muna cin moriyar ƙafafu da injinan jiragen wasa na sikelin HO, masu tafiya a kan wannan faɗin layi, da ake samu na hannu. Mutanen New Zealand da na wasu sassan Ostareliya sun daɗe a kan wannan dabara, don su ma layinsu 1067 ne. Ƙaramin cikinmu har yau yana nan kan bakansa cewa mu bar Funtuwa mu ƙera sabon layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, tunda shi 1435 ne, kuma a sikeli 1:87 wannan 16.5 ɗin ce dai take fitowa cif. Lissafinsa daidai ne. Amma ni zuciyata tana kan tsohon layi, shi na gani da idona ina yaro in mun je gidan kakanni.

Mararrabar da hannu na gina ta a watan Agusta, ana tsakiyar damina. Ƙarfen dogon kod 75 ne, lambar da ke nuna girmansa, da wani ɗan'uwa ya taho mana da shi daga Ingila, matasan kuma, wato abin da ƙarfen ke kwanciya a kansu, na yanka su daga allon tagulla na masu haɗa kayan lantarki da aka sayo a Sabon Garin Kano. Kowane matashi na liƙa masa ƙarfen da dalma, hagu da dama, har mahaɗar ƙarfe da ƙarfe ban bari ba, duk na cike da dalma don wuta ta riƙa wucewa ba yankewa. Tun daga Agusta har aka shiga hunturu ba abin da ya taɓa sauka a wurin. Matsalarmu a lokacin ƙura ce kawai, kullum sai an goge saman layi kafin kan jirgi ya yarda ya motsa.

A ƙarshen Fabrairu abin ya fara. Tarago zai taho lafiya, da ya iso hanci, wato tsinin da ƙarafa biyu ke haɗuwa a mararraba, wurin nan da Turawa ke kira kwaɗo, sai ka ji ƙas, leɓen ƙafar ya hau kan tsinin, taragon ya karkace ya kwanta. Ba kullum ba, abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Wata rana in tura sau ashirin ba komai, washegari sau uku cikin biyar sai ya sauka.

Ƙafafu na fara zarga, don taragon audugar ƙafafunsa na hannu ne. Na ciro su na auna bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa da baniya, ma'aunin nan na kauri, milimita 14.5, daidai da sauran. Duk da haka na musanya su da na wani tarago. Bai hana ba. Na ƙara masa nauyi da noti biyu a ciki, sai ma ya riƙa bugun hancin da ƙarfi fiye da da. Na zargi ƙugiyar haɗi, na cire ta gaba ɗaya na riƙa turawa da yatsa. Haka dai.

A mako na uku na yi kuskuren da ya fi yi mini ciwo. Na ce tunda tsinin hanci ake bugu, bari in rage shi. Na ɗauki ƙaramin magagari na goge shi, kaɗan yau, kaɗan gobe. Bugun ya ragu na kwana biyu, amma ramin da ke gaban hancin ya yi tsawo, ƙafafun da ba su da faɗi suka fara faɗawa ciki, kowane tarago sai ya yi sallama da kai in zai wuce. Hancin da na shafe dare uku ina gogawa ina daidaita kusurwarsa a watan Agusta, da hannuna na lalata shi. Ranar na rufe teburin da zani, na yi kwana biyar ban shiga ɗakin ba. Don Allah duk wanda tarago ke sauka masa a hanci, kada ya kai magagari wurin sai ya gama auna komai, kuma ya auna fiye da sau ɗaya a yini.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ban yi ba. Ni da safe nake awo, bayan asuba kafin in fita aiki, lokacin da gari ke da sanyi kuma hannu ba ya gumi. Kullum baniya tana ba ni 16.5 ko kusa da haka. Wasan jirgin kuwa sai na dawo da yamma.

Baba ne ya gano. Dattijon nan da ya yi aikin reluwe shekaru masu yawa, wanda ke zuwa ya zauna mana a kan kujera yana gyara mana inda muka sa tankin ruwa ba daidai ba. Asabar ɗin da ta wuce waccan ya zo da hantsi, muka tura taragu ba abin da ya faru. Ya zauna har bayan azahar, muka sake turawa, na biyu ya kwanta. Ya miƙe ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya ya bi layin da kallo daga ƙarshen teburi, ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Ɗana, ina ka bar wa ƙarfen nan wurin numfashi?" Na ce, "Baba, ai duk na haɗe shi da dalma." Ya girgiza kai, ya ce ƙarar nan ta kakas-kakas da muke ji in jirgi na tafiya, ai giɓin da ake bari ne da gangan a kowace mahaɗa, saboda in rana ta buɗe ƙarfe miƙewa yake, in bai sami wurin zuwa gaba ba sai ya tafi gefe.

Nan take na ɗauko baniya na auna a gaban hanci, ƙarfe biyu da rabi na rana: 16.2. Na kawo gilashin ƙara girma na masu gyaran waya, sai ga shi ƙuru-ƙuru, tagullar matasai uku ta ɗaye daga jikin allon, ƙarfen waje ya ɗan lanƙwaso ciki, ya tafi da dogarinsa, guntun ƙarfen nan da ke kwance a gefensa ta ciki. Wanda ya gina mararraba ya san abin da wannan ke nufi. Aikin dogari shi ne ya riƙe bayan ƙafar can ɓangaren don leɓen ƙafar nan ɓangaren ya kauce wa tsini. A wurina daga fuskar hanci zuwa fuskar dogari ya kamata a sami 15.3, wato 16.5 a cire hanyar leɓe 1.2. Ƙafafuna kuwa 14.5 ne, a ƙara kaurin leɓe wajen 0.75, sun kai 15.25. Ka ga abin da ya rage ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Da dogari ya matso da 0.3, sai awon ya koma 15.0, leɓe ya sami hanyar zuwa kan tsini kai tsaye. Da dare kuma ƙarfen ya huce ya koma kusan mazauninsa, ni kuma in zo da asuba in auna in ce lafiya.

Da na zauna na yi lissafi, ƙarfen nan mai tsawon mita 1.2 yana ƙaruwa da kusan rabin milimita in zafi ya hau da digiri 25, kuma ɗakin kwano a Katsina tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara yana yin haka har ya wuce. Amma ba ƙarfen kaɗai ba ne. Teburin da falankin obece biyu na yi shi, na sayo su wurin 'yan katako da damina, cike da laima. Iskar hunturu ta tsotse su sarai, suka tsuke, ɗayan har ya ɗan yi kwari a tsakiya, mararrabar kuma a kan haɗin falankan biyu na ɗora ta. Katako yana raguwa, ƙarfe yana ƙaruwa, dalma ta ƙi sakin kowa, sai tagulla ta biya.

Gyaran bai tsaya inda na tsara ba. Na shiga da niyyar yanka giɓi biyu in sake liƙa matasai uku, na ƙare da tayar da sashen gaba ɗaya. Na sayi filawud mai kaurin milimita 12, rabin allo da ladan yanka da na mai kurkura suka tashi mini naira dubu goma sha tara, kuɗin da na ware don fentin ginin tasha. Na bar shi mako guda a ɗakin ya sha iskar wurin, na shafe shi da banish ciki da waje har gefuna, na yi masa haƙarƙari a ƙasa. Sabon hanci kuma ya cinye mini ragowar ƙarfen da muke tattali don layin sito, ga canji yadda yake, ban san ranar da za a sake kawo mana wani ba.

Yanzu mararrabar ce kaɗai ke liƙe da dalma a kowane matashi, kuma na yanke ta daga sauran layi ta dukkan bakunanta uku, giɓin rabin milimita kowanne, na auna da fila-geji, siraran ƙarafan auna giɓi, da na aro wurin bakanike. Dogarin ma na daina ɗaure shi da ƙarfen waje, daga hanci nake auna mazauninsa. Sauran layin na raba shi gajeru-gajeru, kowane yanki an kafe shi a tsakiya, bakunansa suna zamewa cikin mahaɗa, kowanne kuma da wayarsa ta wuta daga ƙasa. Ramukan waya goma sha huɗu na huda, wuta ta ɗauke ina kan na tara, na ƙarasa da ƙarfen dalma na gawayi.

Abin da ban zata ba, da kan jirgin ya ja taragun jiya, sai ga ƙarar nan tana fitowa a kowane giɓi, siririya amma ana ji. Baba ya sa na maimaita masa har sau uku, ya ce in rage gudu, jirgin kaya ba ya shiga tasha da wannan sauri.

Saura jarrabawar damina. In Allah ya kai mu Agusta zan auna giɓin da safe da rana in rubuta, mu ga yadda filawud ɗin zai yi da laima. Wanda kuma yake da guntun kod 75 da ba ya amfani da shi, ko da taƙi biyu ne, ya taho mini da shi ranar Asabar, layin sito yana nan babu ƙarfe.