Darussa daga binciken ƙwayoyin hanji da ciwon sukari a Kumasi

Kuskuren da ya fi cin rai a wannan aiki yana faruwa ne tun kafin samfur ya iso ɗakin gwaji. Ana ba mai ciwon sukari kwalba ya tafi da ita gida, a Aboabo ko Asawase. Da asuba ya sa bayan gida a ciki, ya ƙulle a leda, ya hau tirotiro (motar haya), ya zauna layin asibiti har azahar. Su kuwa masu lafiya da za a kwatanta shi da su, yawanci ɗalibai ne ko ma'aikata, nasu cikin rabin awa ya shiga firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili.

A awa bakwai ɗin nan cikin zafi, ƙwayoyin da ba sa jure iska sun tsaya cik, su Escherichia (wata ƙwayar hanji mai jure iska) kuma sai yaɗo suke yi. Wadda in ta samu yadda take so, minti 20 ya ishe ta ta ninku. Sakamako ya fito, a ga Escherichia ta yi yawa a marasa lafiya, a hau murna an gano wani abu. Alhali zafin leda aka auna.

Ga kuma metfomin, maganin ciwon sukari. Tun 2015 aka nuna cewa maganin da kansa yana ƙara Escherichia a hanji, kuma yawancin masu zuwa asibitin sukari suna shan sa. Idan takardar tambayoyi ba ta da gurbin sunan magani da yawansa, babu lissafin kwamfutar da zai raba maka ciwo da magani daga baya. Aikin shekara biyu ya bi ruwa ke nan.

Rigakafin ba shi da tsada. A zuba etanol mai ƙarfin kashi 95 a kwalbar tun kafin a miƙa ta, ko a bi gida-gida da kula mai ƙanƙara. A rubuta lokacin da aka yi bayan gidan da lokacin da ya daskare, kowane samfur. A raba shi ƙananan kwalabe, kamar miligiram 200 kowace, don kada a yi ta narkar da guda ɗaya. Abin takaici, shugaban da ya soke kuɗin etanol daga kasafi shi ne zai fara tambayar wa ya karɓi samfuran, kuma ƙaramin ma'aikaci ne zai sunkuyar da kai.

Wajen fitar da DNA, a gauraya na marasa lafiya da na masu lafiya a kowane zubi, a sa kwalba ɗaya da ba komai cikinta don kama gurɓata. Firiza ta zauna kan janareta, dumso, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama.

Tambayar maganin kashe ƙwayoyin cuta na wata uku baya, kada a ce «Hajiya, likita ya rubuta miki magani?» A ce «Kin sayi kafso a kemis?» Amsar ba ɗaya ba ce. Mace ta karɓi samfurin mata, kuma kada a haɗa samfurin watan azumi da na sauran watanni.

Yawan Prevotella, wata ƙwayar hanji, a mai cin tuwo da wake ba cuta ba ce. An gan shi tun 2010 a yaran karkarar Burkina Faso. Gwajin HbA1c, mai auna sukarin jini na 'yan watannin baya, shi ma yana iya ruɗi ga mai jinin sikila, a haɗa shi da awon sukari kafin karin kumallo.

Kafin samfur ko ɗaya ya hau jirgi zuwa Turai, a rubuta a takarda sunan wa zai zo farko a rahoton, kowa ya sa hannu.